Wa Ya Ƙirga Shekarun Bilqis?

Shafi na 31

Masu turo saƙo wai na yi shiru da yawa, ku ji tausayin idon tsohuwa. Bismillah.

Maganar ta fara yawo tun ranar Laraba. Kafin hantsin Alhamis babu wayar Bahaushiyar unguwar Deira ta Dubai da ba ta shiga ba.

Wai Bilqis ba ta kai hamsin ba.

Wai ƙarin shekaru ta yi a fasfo don kawai ta shiga gasar golf ta dattawan mata, wadda sai mai hamsin zuwa sama ke shiga, ta je tana lallasa tsofaffin Turawan da ko sunkuyawa sai da dabara. Ga shi jibi Asabar za a buga zagayen ƙarshe, kuma ita ce a gaba.

Gwaggo Barira na zaune a falon ɗanta a unguwar Muraqqabat, ta miƙe gwiwar da aka yi wa aiki a kan matashi, surukarta Asama'u ta karanto mata daga waya.

"Hassada ce kawai, Hajiya," in ji Asama'u. "Kowa ya san mu mata ragewa muke yi. In takarda ta ce hamsin, to a ƙalla ta ba hamsin da biyar baya."

Gwaggo ta dube ta ta saman tabarau.

Rabin rayuwarta a makarantar firamare ta yi shi, daga malamar aji har shugaba. Ta ga ma'aikacin da ya fi ƙanensa ƙuruciya a takarda. Ta ga ɗan ƙwallo mai furfura a gemu yana buga wasan 'yan sha bakwai. Macen da ta ƙara wa kanta shekaru kam ba ta taɓa gani ba. Amma duk maganar da aka buɗe da "kowa ya sani", Gwaggo sai ta leƙa ƙarƙashinta.

"Miƙo mini sandata da mayafi."

"Ina za ki, Hajiya?"

"Inda maganar ta fito."

Ba nisa. Hawa ɗaya ne a ƙasansu, filat ɗin da 'yan matan Gana ke haya su da yawa. Hamidatu, 'yar Zongon Kumasi mai kula da ɗakin canza kaya na mata a kulob ɗin da ake gasar, tana tsaye tana gugar rigar aiki.

"Ei, Mma Barira! Ke da kanki?"

"Ni da kaina. Ke kika ce Bilqis ta yi ƙaryar shekaru?"

Hamidatu ta dire dutsen guga.

"Wallahi ba ni ba o! Ni ji na yi, na faɗa ma mutum ɗaya tak."

"Ita ma ɗayar ta faɗa wa mutum ɗaya tak. Zauna ki ba ni yadda aka yi."

"Wata madam ce, mai jan gashi, ita ke bin Anti Bilqis a baya a gasar. Ta shigo tana cire takalmi tana masifa. Ta ce mace mai hamsin ba ta aika ƙwallo nisan nan. Ta ce wai me ya sa duk 'yan Afirka ɗaya ga Janairu ake haifuwarsu?"

"Bilqis ɗaya ga Janairu ce?"

"Ɗaya ga Janairu, sittin da huɗu. Wannan shekarar ta cika hamsin cif, shi ya sa sai bana ta shiga." Hamidatu ta ƙyalƙyale. "Mma, ni ma ɗaya ga Janairu ce. Ni da maigadin kulob da direban bas ɗinmu. Rana ɗaya muke yanka kek."

"To shugabannin gasar me suka ce?"

"Sun ce fasfo suke dubawa, fasfo ya ce hamsin, khalas, shi ke nan. Da a nan maganar ta ƙare. Amma Anti Bilqis ta ji. Ta fito daga wajen alwala, ruwa na ɗiga a hannunta, ta tsaya gaban madam ɗin. Ta ce in aka samu hamsin ɗinta da saura ko na wata ɗaya, da ƙafarta za ta je ta cire sunanta."

Gwaggo ta gyara riƙon sanda.

"A gaban mutane ta faɗi haka?"

"Ɗakin cike paa."

Gwaggo ta san Bilqis. Tun zuwanta Dubai jinyar gwiwa matar ta riƙe ta uwa, duk Juma'ar da ba ta aiki tana nan da kwanon dambu. Kuma ta san in Bilqis ta ce za ta yi abu, an gama.

To ai abin mai sauƙi ne, in ji Gwaggo a ranta. A je a samo shekarar, a toshe bakin kowa.

Ta shiga jirgin metro a tashar Rigga, ta samu wuri a taragon mata. Dogayen benaye suka wuce, suka ƙare, aka shiga yankin rumbuna da masana'antu. Daga tasha ta ɗauki taksi zuwa unguwar Investments Park, wajen kamfanin ruwan lemo inda Bilqis ke shugabantar masu duba ingancin kaya.

Lokacin cin abincin rana ne. Ba ta same ta a ɗakin cin abinci ba. Wani Ba'indiye ɗan Kerala ya nuna mata bayan rumbu da haɓa.

Can ta hango ta a inuwar bango, farar rigar aiki har gwiwa, ragar gashi a kan ɗankwali. Ta shimfiɗa wani tsohon kafet mai launin ciyawa, ta kwantar da kofin takarda a ƙarshensa, tana tura ƙwallo da sanda a hankali. Gurasarta na kan kwali ko ɓallewa ba a yi ba.

Ƙwal. Ƙwallo ya shige kofi.

"Wannan shi ne abincin ranar?"

Bilqis ta juyo a firgice.

"Gwaggo! Innalillahi, da gwiwar nan? Wa ya kawo ki?"

"Gwamnatin Dubai. Jirgi ta shimfiɗa mini har nan."

Bilqis ta janyo mata kujerar roba, ta durƙusa ta gaishe ta. Doguwa ce sambal, in ta durƙusa ma kanta na kusa da kafaɗar mai zama.

"Kin ji abin da ake faɗa ke nan."

"Na ji. Na kuma ji alkawarin da kika ɗauka a gaban Turawa. Wa ya aike ki?"

"Wasan ne haka, Gwaggo. Babu alƙali a bayan kowa. In ƙwallonki ya motsa cikin ciyawa, ko tsuntsu bai gani ba, ke za ki ɗaga hannu ki ce a ƙara miki bugu, alhali mai ƙarancin bugu shi ke ci. Da me zan kalle su in na yi shiru a kan wannan?"

"To kin kai hamsin ɗin?"

"Na kai mana."

"Wa ya gaya miki?"



"Takarduna duka haka suka ce. Ta firamare, ta sakandare, ta jami'a..."

"Duk 'ya'yan ta firamaren ne. Ita ta haifi sauran. Ita kuma wa ya gaya mata?"

"Oho. Baba ya rasu, Inna ta rasu. Ban taɓa tambaya ba."

"Takardar asibiti fa?"

"A ɗaki aka haife ni, a Funtuwa." Sai fuskarta ta washe. "Amma ga shaida, Gwaggo. Azumi ake kirana a gida. Jiya na duba a waya, azumi ya kama a Janairun sittin da huɗu. Kin gani?"

"Na gani. Ya kuma kama a Janairun sittin da biyar. Da na sittin da shida. Na yi su duka, da ruwan sanyi muke alwalar asuba haƙora na karo. Azumi ya gaya mana wata, bai gaya mana shekara ba."

Murmushin Bilqis ya ragu.

"Ke kin zo taimakona ne ko taimakon mai jan gashi?"

"Zauna. Tambayoyin malaman makaranta zan yi miki. Me kika fara tunawa a duniya?"

"Rumbun auduga. Baba a can yake aiki. Muna tsalle a kan tulin."

"Wannan ba shi da shekara. Yaƙin basasa fa, kin tuna shi?"

"A'a. Sai dai an ce watan da aka gama shi aka sa ni a makaranta."

"Janairun saba'in. Madalla. In an haife ki sittin da huɗu, shekara shida ke nan, daidai shiga aji ɗaya." Gwaggo ta gyaɗa kai, ranta ya fara sanyi. "Canjin hannu fa? Da motoci suka bar hagu suka koma dama?"

Bilqis ta tuntsire da dariya.

"Wannan kam ba zan manta ba! Muna aji uku. Aka jera mu a bakin titi da 'yan tutoci muna waƙar a bi dama. Ni aka sa a gaba don na fi kowa tsawo, sai malam ya dawo ya mayar da ni baya."

"Don me?"

"Wawulo! Haƙorana na gaba duka sun zube a makon. Wai zan ɓata hoto. Na yi kuka har da majina."

Gwaggo ba ta yi dariya ba.

"A aji uku kika yi famfara?"

"Eh. 'Yan aji suka sa ni gaba da tsiya, su nasu sun daɗe da fitowa, manya-manya kamar na zomo. Tsohuwa suke ce mini."

"Na gaban nan? Na farko?"

"Na farko."

Gwaggo ta sunkuyar da kai tana kallon kofin takarda.

Yara nawa suka wuce ta hannunta? Ta san aji ɗaya da ƙamshin alli da bakuna masu giɓi. A aji ɗaya ake famfara, in an makara farkon aji biyu. Ɗan aji uku mai wawulon farko, ko dai haƙoransa sun yi nawa ƙwarai, ko kuma ba ajinsa ba ne.

"Gwaggo, kin yi shiru."

"Zafi ne."

"A Fabrairu? Gwaggo."

Tsohuwar ta ɗago. Ta dubi tafin hannun Bilqis, kantar da sanda ta yi masa. Ta san abin da ke bayan kantar nan. Fita filin golf da an sallame asuba, a buga rabin zagaye a guje, a canza kaya a mota, a iso nan kafin injuna su tashi. Juma'o'in da ta karɓar wa abokan aiki don a ba ta ranakun gasa. Babbar sallar da ba ta je gida ba saboda hutun ya ƙare a fili. Tun tana bin abokan aikinta kallo har ta fi su, shekara da shekaru tana jiran ranar da za ta cika hamsin, don a gasar 'yan mata masu jini a jika mai aikin kamfani ba ta da wuri.

"Asabar ɗin an ba ki?"

"Da ƙyar. Manaja ya ce wannan ce ta ƙarshe a bana, kada in ƙara zuwa masa da maganar ƙwallo."

"To ki buga wasanki. Maganar haƙori a bar ta sai Lahadi."

Bilqis ta ƙura mata ido.

"Me haƙorin ya ce?"

"Haƙori ba kalanda ba ne. Wani yaron yana makara."

"Har shekara takwas?"



Bilqis ta miƙe, ta jingina sandar da bango.

"Makon jiya na dawo da kaya mota guda daga bakin ƙofa, don injin ya buga kwanan wata ba daidai ba. Lemon lafiya lau. Direba har roƙona ya yi, ya ce habibti wa zai duba? In na iya yi wa lemo haka, Gwaggo, ba zan ɗaga kofi ranar Asabar in zo ina tambaya ranar Lahadi ba."

"Akwai wanda ya girme ki da ya rage?"

"Yaya Zailani. Yana Kaduna, ya yi ritaya daga banki."

"Da nawa ya girme ki?"

"Da yawa. Shi ke goya ni."

Ta ciro waya daga aljihun farar riga. Ta danna lambarsa. Ta buɗe murya yadda za su ji tare.

"Azumi 'yar Dubai!" Muryar ta fito da ƙarfi, ana jin kukan awaki a bayanta. "Yau an tuna da talakawa? Ya ƙwallon masu kuɗi?"

"Yaya ina wuni. Ga Gwaggo Barira, da nake ba ka labari, tana da tambaya."

Aka gaisa, aka tambayi gwiwa, aka tambayi iyali.

"Alhaji," in ji Gwaggo, "wa ya kai yarinyar nan makaranta?"

Zailani ya fashe da dariya.

"Kai ta? Hajiya, ita ta kai kanta! Kullum in zan tafi sai ta biyo ni tana ihu, ba ko takalmi. Ran nan na gaji na ƙyale ta. Muka tarar ana ɗaukar sababbi a ƙarƙashin dalbejiya. Lokacin kin san neman 'ya'ya mata ake ido rufe, iyaye na ɓoye su a rumbu."

"Na sani. Na bi gida-gida."

"To hedimasta ya hango ta, zanƙaleliya, ya ce ke zo nan. Ɗora hannu ta kan kai ki kamo kunne. Ta ɗora, caraf ta kama, har da saura. Ya ce shekara shida, a rubuta."

Gwaggo ta lumshe ido. Ta ga layin yaran kamar yau, kowa hannu bisa kai, wasu na karkata wuya don yatsa ya kai. Wanda ya kamo kunne ya isa makaranta, wanda bai kamo ba ya dawo baɗi. Magatakarda kuma ya cire shida daga shekarar da ake ciki, ya rubuta ɗaya ga Janairu, a wuce na gaba.

"To ai shidan ce, Yaya," in ji Bilqis. 

"Shida a ina? Ke da kike barci a aji, a aiko ni in goya ki zuwa gida? Inna sai da ta je ta yi faɗa, ta ce jiya-jiya aka yaye ki. Baba ya ce a bar ki tunda kina so. Kuma ga shi kin fi mu duka karatu."

"Alhaji," in ji Gwaggo, "ka tuna ranar sunanta?"

Dariyar ta tsaya.

"Wa zai manta ranar nan, Hajiya? Da azumi ne, ranar Asabar. An ɗaure rago tun jajibiri, an gayyaci makaɗan mata za su zo bayan shan ruwa. Ni duk murnata kiɗan. Da safe aka raɗa suna lafiya. Kafin hantsi sai ga maƙwabcinmu da rediyo a hannu, ba ko hula. Maza suka kewaye shi a zaure. Na ga Baba ya zauna a ƙasa dirshan."

"Me rediyon ya ce?"

"Sojoji sun yi juyin mulki. An kashe manya a Kaduna da Ikko. Aka aika wa makaɗa kada su zo. Ko guɗa ba a yi ba. Naman ma a ɓoye aka rarraba shi, kamar na sata. Inna takan ce Azumi ce kaɗai a 'ya'yanta da aka yi wa suna babu kiɗa."

Bilqis ta dafa bango.

"Juyin mulki ai an yi su da yawa, Yaya."

"Na farkon fa, ƙanwata. Kafinsa ko kalmar ba mu sani ba, sai da aka yi mana bayani. Wai lafiya kuke tonon tsofaffin zance? Ko wani ne ya fito, ake binciken asali?"

"Lafiya lau, Yaya. Zan kira ka anjima."

Ta kashe wayar.

Can cikin masana'anta ƙararrawar komawa aiki ta ɗauka. Ma'aikata suka fara wucewa ta bakin rumbu, wani ya ɗago mata hannu, "Madam, yalla!" Ba ta gan shi ba.

Ta durƙusa gaban kujerar roba, ta ɗora hannu a kan gwiwar Gwaggo mai lafiyar.

"Ni kimiyya na karanta, tarihi ya bi ta bayan kunnena. Ke kina nan aka yi. Wace shekara ce?"

"Bilqis..."

"Don Allah, Gwaggo. Kada ki zagaya da ni."

Gwaggo Barira ta cire tabarau, ta riƙe shi a cinya.

"Janairun sittin da shida," ta ce. "Shekararki arba'in da takwas."